Wutar Lantarki Da Maganin Annoba

A watan Oktoba na 2024 yawancin ƙasar Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu. Dalili kuwa shi ne, miyagu sun lalata babbar wayar da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sai nauyi ya koma kan wadda ke biyowa ta Makurdi da Jos, ita ma ta yanke.

Ya kamata masu karatu su fahimci cewa lantarkin da ke bin waya ba kamar hatsi yake ba, da za a zuba a rumbu. Abin da injuna suka bayar dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a wannan lokaci. In hanya ɗaya ta faɗi, sauran su ɗauki kayanta. In sun gaza, su ma su faɗi.

To, ina ruwan likita da wannan? Yawancin alluran rigakafi sai an ajiye su cikin sanyin digiri 2 zuwa 8. Ta kamfanin Pfizer, wadda aka fitar a 2020 saboda cutar korona, da farko sai wajen digiri 70 ƙasa da sifiri. Ashe wahalar masana ta shekaru tana iya lalacewa cikin firjin asibitin ƙauye.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu. Muna ganin wajibi ne a ƙara hanyoyin waya zuwa Arewa, a kuma sa wa kowane asibiti na'urar hasken rana tun annoba ba ta zo ba. Rigakafi ya fi magani.