Harajin Giya Ba Ya Biyan Diyyar Rai

Malam, ka rubuta cewa hana sayar da giyar leda zai rage wa gwamnati kuɗin shiga. To, idan giyar ta jawo haɗari, wa ke biyan kuɗin ɗaurin karaya da ƙarin jini a asibiti? Wa ke ciyar da marayu?

Tun 2018 aka ba kamfanonin giya wa'adin shekara 5 su daina yin giyar leda, sai a Fabrairun 2024 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fara aiwatar da haramcin. Ba a yi musu ba-zata ba.

Leƙa tashar mota ka gani: direba ya ɓare leda ya kwankwaɗe, sannan ya ɗebi fasinja. A karɓi haraji a kashe shi wajen jinyar waɗanda giyar ta nakasa, ai tufka da warwara ke nan. Ya kamata gwamnati ta tsaya kan haramcin, ta nemi kuɗi ta hanyar da ba ta cin rai.