Buhun Shinkafa Ba Ya Kwana Da Maraya

Duk shekara, idan azumi ya shiga goman ƙarshe, mun san abin da zai biyo baya a zangonninmu na Ghana, daga Nima zuwa Sabon Zango, daga Aboabo ta Kumasi har Tamale. Ƙungiyar matasa ta tara kuɗi, a yi hayar mota, a loda buhunan shinkafa da jarkokin mai da katan-katan na sabulu, a nufi gidan marayu. A jera mana yaran a tsakar gida cikin tufafinsu na fita kunya, su yi mana addu'a, mu ɗauki hoto mu ɗora a Facebook, mu koma gida zuciya fari ƙal. A cikinmu babu wanda ya ce a nuna masa ɗakin da yaran nan suke kwana. Babu wanda ya tambayi mutum nawa ke tare da su idan dare ya raba, ko a hannun wa mabuɗin ƙofa yake kwana.

Maganarmu a yau ɗaya ce. Duk wanda ya kai sadaka gidan marayu bai bincika yadda ake riƙon yaran ba, bai gama sauke nauyin da ke kansa ba. Wani lokaci ma sadakar tasa ita ce take raya gidan da ya kamata a rufe tuntuni.

Kada wani ya ce zato ne. A shekarar 2010 ɗan jaridar nan mai binciken sirri, Anas Aremeyaw Anas, ya shiga gidan yara na Osu da ke Akra da ɓoyayyiyar kyamara. Gida ne na gwamnati, a ƙarƙashin Sashen Jin Daɗin Jama'a. Abin da ya fito da shi ya girgiza ƙasar nan: duka, sakaci da yara marasa lafiya, da kayan abincin da jama'a suka kai sadaka suna sulalewa ta hannun ma'aikata. A 2015 ya sake bankaɗo irin wannan ta'asa a wani gidan marayu mai zaman kansa a Bawjiase, har gwamnati ta rufe shi. A duk gidajen biyu masu alheri sun yi ta zuwa da buhunan shinkafa shekara da shekaru, suna ganin tsakar gida a share, suna komawa da farin ciki. Abin da aka shirya domin idon baƙo shi kaɗai suka gani.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Yara ta 1998 ta ce ba a buɗe gidan renon yara sai da amincewar hukuma, kuma ta ba jami'an jin daɗin jama'a ikon duba irin waɗannan gidaje. A 2010 gwamnati ta fitar da ƙa'idojin ƙasa na gidajen kula da yara, aka sabunta su a 2018. Mu nawa ne a zango muka taɓa ce wa mai gidan marayu ya nuna mana lasisinsa? Idan za mu sayi fili, sai mun bi takardu ɗaya bayan ɗaya, mun kira shaidu. Idan kuwa maganar ɗan marigayi ɗan uwanmu ce, kwarjinin mai gidan da daɗin bakinsa sun ishe mu.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mun sha jin ta a majalisa. Za a ce mutumin nan don Allah yake yi, tambayarsa takarda cin fuska ne. Ba mu musanta niyyarsa ba, Allah ne masanin zukata. Amma niyya ba ta kashe gobara. A watan Fabrairun 2020 wuta ta tashi a wani gidan marayu da ke kusa da babban birnin Haiti, mutum 15 suka mutu, akasarinsu yara. Wata ƙungiyar addini ce daga Amurka ke tafiyar da gidan, ba shi da lasisi, kuma kyandir ake kunnawa a daren saboda babu lantarki. A watan Maris na 2017, a ƙasar Gwatamala, 'yan mata 41 suka halaka a wani gidan kula da yara na gwamnati, domin an kulle su a ɗaki guda, wuta ta tashi ba a buɗe ƙofa da wuri ba. Mu da muka san yadda lantarki ke ɗaukewa a unguwanninmu, muka san tagogin da aka dasa wa ƙarafa saboda ɓarayi da lungunan da motar kashe gobara ba ta iya shiga, bai kamata mu ji waɗannan labarai kamar na wata duniya ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ba za mu raina ta ba. Za a ce mu 'yan tsiraru ne a ƙasar nan, an daɗe ana yi wa zango kallon matattarar ƙazanta da rashin tsari. Idan muka kira jami'an gwamnati su duba gidajenmu, mun ba masu zaginmu sandar dukanmu. Gara mu rufa wa juna asiri. To, asirin wa ake rufawa? Yaron da ake duka da wayar lantarki ba shi da asirin da ke buƙatar rufi. Mai dukansa ne yake da shi. Mun ga inda irin wannan rufin asiri ya kai 'yan uwanmu a Najeriya. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. Iyaye da dangi ne suka kai da yawansu da hannunsu domin a gyara musu tarbiyya. Da abin ya fashe, sunan al'umma duka ya shiga bakin duniya. Ɓarnar da muka ƙi tonawa da kanmu, wani zai tona mana ita a ranar da ba mu shirya ba. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Amsa ta uku ita ce, ai gidan Osu ma na gwamnati ne, me lasisi ya hana? Gaskiya ne, takarda kaɗai ba ta renon yaro, kuma jami'in da ke leƙowa jefi-jefi ba zai ga abin da maƙwabci ke gani kullum ba. Wannan dalili ne na mu ƙara namu idon a kan na hukuma. Sarkin zango da limamai da magajiyoyin mata suna iya naɗa mutane amintattu, maza da mata, su riƙa ziyartar kowane gidan marayu da ke karɓar sadakarmu ba tare da sanarwa ba. Su ga lasisi da idonsu. Su shiga ɗakin kwana su ƙirga katifu su ƙirga yara. Su duba ko maza da mata a rabe suke, ko akwai gidan sauro, ko ƙofa tana buɗuwa daga ciki, ko akwai tukunyar kashe gobara da wanda ya iya aiki da ita. Su leƙa madafa da banɗaki. Su tambayi katin inshorar lafiya na kowane yaro da littafin da aka rubuta sunansa da danginsa da ranar zuwansa. Su zauna da yaran a inda ma'aikaci ba ya jin su. Gidan da ya ƙi buɗe ƙofa ga wannan ziyara, a sanar a masallaci cewa sadakarmu ba za ta ƙara zuwa can ba, a kuma kai maganarsa ofishin jin daɗin jama'a na gunduma.

Akwai kuma tambayar da ta fi waɗannan duka ɗaci: me ya kai yaran nan gidan marayu tun farko? Ƙungiyar Save the Children ta bayyana a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su da gida. Wani bincike da aka fara a birnin Bukares na Romaniya a shekarar 2000, a kan yara 136 da ke gidajen reno, ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari a gidajen bunƙasar ƙwaƙwalwa da shaƙuwa da masu renonsu. Kakanninmu ba su jira bincike ba. Da suka zo ƙasar nan fataucin goro, idan mutum ya rasu a zango, ɗansa yakan shiga gidan baffa ko gwaggo, ko gidan maigidan da ya sauke shi. Riƙo al'adarmu ce tun fil azal. Kuɗin da muke kashewa a hayar mota da buhunan rana ɗaya, da za a riƙa ba bazawarar da ke fama da 'ya'ya huɗu a ɗaki guda wata-wata, a taimaka mata ta shiga shirin tallafin LEAP da gwamnati ta fara a 2008, da yaro bai bar gaban uwarsa ba.

Ba mu ce a daina kai shinkafa ba. A kai, a ƙara. Amma bana, idan an sauke buhuna an gama addu'a, wani dattijo a cikinmu ya ce wa mai gida cikin ladabi: "Malam, a kai mu mu ga inda yaran suke kwana." Mai riƙon amana zai yi murna ya wuce gaba. Wanda ya fara kame-kame kuwa, ya riga ya ba mu amsa.