SHARHI: Baƙin sararin samaniya da sirrin da ke ciyar da jita-jita a Amurka

A ranar 26 ga Yulin 2023, David Grusch, tsohon jami'in leƙen asiri na rundunar sojin saman Amurka, ya yi rantsuwa a gaban wani kwamitin Majalisar Wakilan ƙasar cewa gwamnati na ɓoye tarkacen jiragen da ba ɗan'adam ne ya ƙera su ba. Sai dai ya amince cewa bai gani da idonsa ba, wasu jami'ai ne suka ba shi labari. Wata takwas bayan haka, a Maris ɗin 2024, ofishin AARO, wanda Ma'aikatar Tsaro ta kafa a 2022 domin binciken abubuwan da ake hangowa a sama ba a gane su ba, ya ce ya bi diddigin bayanan gwamnati tun daga 1945 bai samu shaida ko ɗaya ta fasahar wata duniya ba. Wannan bai gamsar da masu sha'awar abin da ake kira UFO ba, kuma rashin yardarsu yana da tushe a tarihi.

Tsakanin 1947 da 1969, rundunar sojin saman Amurka ta tattara rahotanni 12,618 na irin waɗannan abubuwa, inda 701 suka rage ba a gano ko mene ne ba. Abin da ba a faɗa wa jama'a a lokacin ba ya fito ne daga baya cikin takardun hukumar CIA: fiye da rabin rahotannin ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 sun samo asali ne daga jiragen leƙen asiri irin su U-2, masu tashi sama da ƙafa 60,000, tsayin da mutane ba su zaci jirgi na iya kaiwa ba. Haka nan tarkacen da aka tsinta a Roswell a 1947, sai a 1994 sojoji suka bayyana cewa na balan-balan ne na wani shirin sirri da ke sauraron gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet. Ke nan mutanen da suka rantse sun ga wani abu sun yi gaskiya, hukuma ce ta bar su cikin duhu domin kare sirrinta. Wanda maciji ya taɓa sara kuwa, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Matsin lambar masu sha'awa da 'yan jarida ne ya fara buɗe ƙofar. A Disambar 2017 jaridar New York Times ta bankaɗo wani shirin bincike na Ma'aikatar Tsaro da aka kashe wa dala miliyan 22, sannan a Afrilun 2020 ma'aikatar ta saki bidiyo uku da matuƙan jiragen sojin ruwa suka ɗauka. Da bayanan suka fito fili, daga cikin masu sha'awar ne aka samu waɗanda suka tace su. Mick West, tsohon mai tsara wasannin kwamfuta, ya yi amfani da lambobin da ke jikin bidiyon da ake kira GoFast ya nuna cewa abin da ake gani kamar yana keta saman teku da mugun gudu yana can sama ne, saurin jirgin da ke ɗaukar hoton ne ke yaudarar ido. A 2023 kwamitin masana na hukumar NASA ya cimma irin wannan matsaya, ya ƙiyasta gudun abin da kimanin kilomita 64 a awa, wato abin da iska ma za ta iya yi da balan-balan.

Inda babu bayanai, 'yan damfara ke cike gurbin. A Satumbar 2023 ɗan jarida Jaime Maussan ya baje wasu ƙananan gawarwaki biyu a majalisar dokokin Meziko, ya ce na halittun wata duniya ne da aka tono a Peru. Masana kimiyya sun yi watsi da batun, kuma a Janairun 2024 ƙwararrun binciken gawa na Peru suka ce makamantansu da aka kama a filin jirgin saman Lima 'yan tsana ne da aka harhaɗa da ƙasusuwa da gam. Kafin wannan bayani ya fito, hotunan sun riga sun zaga duniya.

Ruɗanin yana da tsada. Bayan harbo balan-balan ɗin China a ranar 4 ga Fabrairun 2023, jiragen yaƙin Amurka sun kakkaɓo wasu abubuwa uku cikin kwana uku da makamai masu linzami da kowanne ya kai kimanin dala 400,000. Daga baya shugaban ƙasar na lokacin, Joe Biden, ya ce mai yiwuwa na kamfanoni ne, ko na masu bincike, ko na masu wasan nishaɗi. Ga kuma batun tsaron jirage: Ryan Graves, tsohon matuƙin sojin ruwa, ya shaida wa majalisa cewa matuƙa da dama na ƙin kai rahoton abin da suka gani saboda tsoron a yi musu dariya. Ko jirgi marar matuƙi ne na wata ƙasa, ko balan-balan ne, abin da ya gifta gaban jirgi ba a sani ba haɗari ne.

Sama kuma sai ƙara cika take yi. Dubban taurarin ɗan'adam na Starlink, kamfanin da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, kan bayyana a jere kamar carbin haske jim kaɗan bayan harba su, kuma AARO da kansa ya ce ana yawan ɗaukarsu a matsayin UFO. Duk mai waya a hannu yanzu yana iya ɗaukar irin wannan hoto ya watsa cikin daƙiƙa.

Neman rayuwa a wajen duniyarmu aiki ne na kimiyya da ake yi a fili, daga motar Perseverance da ke tattara duwatsu a duniyar Mars tun 2021 zuwa madubin hangen nesa na James Webb. Batun UFO ma zai kai wannan matsayi ne idan hukumomi suka riƙa sakin cikakkun bayanai, na rada da na kyamara, da lokaci da wuri, ta yadda kowa zai iya tantancewa. Su kuma masu sha'awa, nasu nauyin shi ne su riƙe bambanci tsakanin "ba a gane shi ba" da "daga wata duniya yake". Bidiyon GoFast ya nuna abin da ake samu idan an ba jama'a lambobi, Roswell kuma ya nuna abin da ke biyo baya idan an hana su har tsawon shekaru 47.