A bar wa Kalgo baƙinta

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin 'yan boko da manyan ma'aikata a Birnin Kebbi, duk lokacin da zancen manyan motocin da ke kwana a bakin hanya ya taso. Wai ƙazanta ce, wai abin kunya ne ga jiha. A kwashe su gaba ɗaya, da tirelolin, da masu shayin, da masu facin, da 'yan tallan, a tafi can nesa da gari a yanki fili, a zagaye shi da katanga, a gina irin wurin hutun matafiya da suka gano a Turai ko Dubai, a danƙa wa wani babban kamfani ya riƙa juya shi. Tun da aka ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry a watan Oktoba 2024, wadda aka ce kilomita 258 daga cikin 1,068 za su faɗo cikin Jihar Kebbi, masu wannan ra'ayi suka ƙara samun bakin magana. Ni ina ganin kuskure ne babba, kuma idan aka bi shawararsu za a kashe kuɗi a gina kango, a kuma raba ɗaruruwan gidaje da abincinsu.

A dubi Kalgo. Wanda ya fito daga Birnin Kebbi zai nufi Jega, ta nan zai bi. Wanda zai tafi Bunza da Dakingari har Kamba, bakin iyakar Nijar, nan zai karkata. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013 tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, babban asibitin nan na jiha ma yana Kalgo. Garin da sai a 1996 ya samu ƙaramar hukumarsa daga Bunza, ga shi yau ya zama ƙofar shiga babban birnin jiha. Ba wata hukuma da ta zauna ta zana wa direbobi cewa nan za su tsaya. Hanya ce ta rabu, mota ta rage gudu, mai shayi ya kafa teburinsa, mai faci ya jingine tsohuwar taya don a san yana nan, mai tuwo ta biyo su, aka share wuri aka jera duwatsu ya zama masallaci. Masu zanen taswira a ofis suna kallon wannan su ce hargitsi ne. Amma kowane mutum a wurin ya san aikinsa, ya san abokin cinikinsa, ya kuma san ranar da motar wane take dawowa daga kudu.

Masu son katanga ba su taɓa tambayar direba abin da yake nema idan ya taka birki ba. Mutumin da ya yi lodin shinkafa daga kamfanin Labana ko na WACOT, ko ya ɗauko albasar Aliero da Gwandu zai kai Legas ko Onitsha, yana neman wanda zai duba masa taya da iska, bakanike da mai walda idan wani abu ya saki, ruwan alwala, tuwo mai zafi a farashin da kuɗin hanyarsa zai ɗauka, wurin cajin waya, da idon da zai kula masa da kaya yayin da shi da yaron motarsa suka miƙe ƙafa. Akwai kuma wani abu da babu kamfanin da zai iya ba shi, wato bashi. Idan kuɗin hanya ya ƙare, kuma kowa ya san yadda shingaye suke tatse shi, direba yakan ce wa mai abinci, "Hajiya, a rubuta, sai na dawo." Ta rubuta, domin ta san shi, ta san maigidansa, ta san shugaban ƙungiyarsu. Ma'aikacin kamfani da ke bayan kanta da na'urar lissafi ba shi da wannan izini, ko da yana da tausayin.

Wannan tsari kuma ba jiya aka fara shi ba, shi ya sa nake mamakin masu kiransa ci baya a ƙasar Gwandu, ƙasar da ayari ya san ta tun kafin a san kwalta. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ta wannan yanki suke ratsawa, su bi ta Jega su tsallaka Kwara wajen Illo ko Gaya. Madugu yana gaba da shawara, jagaba ya riga kowa isa don ya nemi masauki, kuma zangon yakan kasance a jikin gari ne, kusa da ƙofa, kusa da rijiya, inda matan gari za su fito da fura da tuwo, samari su kawo ciyawar jakuna, dillali ya haɗa baƙo da mai saye, maigida ya tsaya masa idan rigima ta taso. Garin yana ci daga ayari, ayarin yana kwana cikin tsaron gari. Da haka Jega ta zama babbar kasuwa. Da haka zanguna a Salaga da Kumasi suka girma har suka zama unguwanni masu sarakunansu. Ko baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka a Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya kuma samu kwafin Tarikh al-Sudan a can, da ya tashi zai nufi Tumbuktu gari-gari ya bi: Kambaza, Gulumbe, Birnin Kebbi, Diggi. Gulumben nan kuwa ita ce inda aka yi bikin ƙaddamar da ɓangaren Kebbi na sabuwar hanya, shekara 171 bayan wucewarsa.

Gwandu kanta ta ishe mu darasi. Garin da Shehu Usmanu ya zauna, garin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yammacin daula daga cikinsa kuma hubbarensa yake, ya ga sarauta ta tashi, da farko zuwa Ambursa, daga baya Birnin Kebbi a farkon zamanin Turawa. Sai babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega ta bi ta Tambuwal da Aliero ta bar shi a gefe. Yau sai mai niyya yake karkatawa ya shiga Gwandu. Albasar da Barth ya yaba tana nan ana nomawa, amma cinikin dare da rana, na mai tsire da mai ruwan sanyi da bakanike, yana wurin garuruwan da mota take tsayawa. Abin da hanya ta yi wa Gwandu ba da gangan ba, shi masu katanga suke so a yi wa Kalgo da sauran garuruwan bakin titi da gangan, da kuɗin gwamnati.

Za su ce ai haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. To, a je can ɗin. A Amurka, dokar da ta kafa manyan hanyoyin tarayya a 1956 ta hana buɗe gidajen mai da gidajen abinci a wuraren hutu na kan waɗannan hanyoyi. Dalili kuwa shi ne kada a kashe kasuwar garuruwan da hanyar ta ratsa: mai jin yunwa ya sauka daga titi ya shiga gari ya saya. Manyan wuraren cin abinci da ake gani a hoto galibi suna kan tsofaffin hanyoyin biyan kuɗi ne da suka riga dokar. A Japan kuma, tun 1993 suka fito da tashoshin bakin hanya da suke kira Michi-no-Eki, waɗanda yanzu sun haura dubu. Galibi ƙananan hukumomi ne ke kafa su, da wurin ajiye mota da makewayi kyauta dare da rana, kuma abin da ake sayarwa a ciki amfanin gonar mutanen yankin ne. Wato ƙasashen da ake mana gori da su sun yi tunanin mai tebur kafin su yi tunanin kamfani. Mu da muka gaji zango, mu ne za mu kori mai fura don a sayar mana da biskit a kwali?

Sai maganar tsaro, wadda ita kaɗai ta isa ta rushe shawarar. Tun harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai Mera, a ƙaramar hukumar Augie, cikin Nuwamba 2024, babu mai hankalin da zai ce wa direba ya kashe mota da kayan miliyoyin naira a wani fili da babu gida kusa, ya dogara da maigadi biyu da fitila. Direba yana kwana inda akwai jama'a ne saboda jama'ar su ne tsaronsa. An gwada korar tireloli daga bakin titi a wurare da dama. Gwamnatin Kaduna a zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i ta yi yunƙurin gina musu wuraren ajiya a Tafa da Mararrabar Jos, amma shekaru bayan haka ba su daina jeruwa a bakin kwalta ba. Tsayar da direba a inda bai yarda da shi ba kamar tare ruwa ne da kwando.

Ba na cewa abin da ke bakin hanyoyinmu yanzu daidai ne. Tirelar da aka ajiye rabinta a kan kwalta cikin dare, ba fitila ba alama sai ganyen da aka watsa a baya, ta ci rayukan fasinjoji da 'yan kabu-kabu da yawa. Wari da ƙudaje gaskiya ne. 'Yan matan da ke yawo da tire tsakanin motoci har tsakar dare abin baƙin ciki ne, kuma duk wanda ya ce babu ƙwaya babu karuwanci a irin waɗannan wurare ya yi ƙarya. Amma a bi kowace matsala a ga tushenta. Mota tana kan kwalta saboda ba a tanadi fili ba. Mutum yana tsugunawa bayan taya saboda ba a gina makewayi ba. Yarinya tana talla cikin duhu saboda uwarta ba ta da rumfa. Ita kuwa ɓarna, katanga a daji ɓoye ta za ta yi daga idon liman da mai unguwa da 'yan Hisba, ba hana ta ba.

Inda na yarda da su ɗari bisa ɗari shi ne tankar mai. Wanda ya tuna Majiya a Jihar Jigawa, inda mutum fiye da ɗari suka ƙone a Oktoba 2024, da mararrabar Dikko a Jihar Neja a Janairu 2025, ba zai so tanka ta kwana kusa da murhun mai tsire ba. A ware wa tankoki nasu fili, da tazara, da motar kwana-kwana a kusa. Sai dai a lura, tankokin nan biyu faɗuwa suka yi a kan hanya, ba ajiye su aka yi ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ta nanata cewa direba ya huta bayan kowace awa huɗu. A Tarayyar Turai doka ce, awa huɗu da rabi sai hutun minti 45, da na'ura a cikin mota tana rubutawa. Mu muna ba da umarnin hutu, sannan mu aika a kori mutum daga inda ya tsaya hutawa, daga baya mu yi mamakin gyangyaɗi a kan sitiyari da yawan shan maganin hana barci.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin bikin yanke kintinkiri ɗaya ba idan aka kwatanta da abin da ake zubawa a hanyar kankare. Fili a bayan inda motoci suka riga suka saba tsayawa, a cike shi da marmara a danne, da mashiga da mafita daban don kada a yi ribas a kan titi. Rijiyar burtsatse da tanki. Gidan wanka da ba-haya, na maza daban na mata daban, a ba wani ɗan gari ya riƙe yana karɓar abin tsafta. Fitilun sola. Rumfuna a jere, a fara raba wa waɗanda suke wurin tun asali, ba ƙannen kansila ba. Kuma wannan ba alfarma ba ce za a roƙa daga Abuja. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a a wuyan ƙaramar hukuma. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yuli 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne. Ga kuma rasit da ake yanka wa direbobi da masu tebur kullum, wanda ya kamata a ce an ga alamarsa ko da a famfo ɗaya.

Lokacin yin wannan magana yanzu ne, tun kankare bai bushe ba. Hanya irin ta Sakkwato zuwa Badagry ba a hawa ko sauka daga kanta a ko'ina, kuma wurin da aka sa mahaɗa yau shi zai yanke garin da zai ci abinci nan da shekara hamsin. Ranka ya daɗe Kauran Gwandu, Gwamna Nasir Idris, ikon ƙasar birni yana hannunka bisa dokar filaye ta 1978: ka nemi Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya ta fito da taswirar mahaɗu da wuraren tsayawa a fili, a kai ta fada da kasuwa kowa ya gani. Shugabannin ƙananan hukumomin Kalgo da Gwandu su kira ƙungiyoyin sufuri na NURTW da NARTO da direbobin tanka, su kira sarkin fawa da shugaban masu shayi da matan da ke sayar da abinci, su zauna da su kafin a kira ɗan kwangila. Kalgo ta ware filinta a jikin mararraba tun masu gina shaguna ba su cinye shi ba, Gwandu kuma ta tsaya kai da fata sai an ba ta mahaɗa mafi kusa da ita da hanya mai kyau zuwa cikin gari.