Duban Gida Kafin Saye A Ƙauyukan Ingila



Makon jiya wata takarda ta zo mana daga wani mai sauraronmu, ma'aikacin asibiti, wanda aiki ya kai shi yammacin Ingila. Ya ce ya gaji da biyan haya, ya kuwa ga gidaje biyu a ƙauye: ɗaya tsoho mai rufin ciyawa, an ce ya fi shekara 200, ɗaya kuma na bulo wanda bai wuce shekara 30 ba. Lauyansa ya shawarce shi ya ɗauki mai duba gini kafin ya sa hannu a takarda. Shi kuwa yana tambaya, tun da ya ke banki zai aiko da nasa mutum, ina amfanin a sake biyan wani? Amsata ita ce ya biya, ko wanne ya zaɓa cikin biyun nan. Amma wannan fili na ilmin kimiyya ne, saboda haka wajibi ne in kawo dalili.

A kasuwanninmu mai sayen doki ya kan buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya ɗaga kofato, ya sa a sukwane shi. In kuma ya kai gida ya tarad da aibin da aka ɓoye masa, malaman fiƙihu sun ba shi zaɓin mayarwa. Dokar Ingila game da gida ba haka ta ke ba. An hana mai sayarwa yin ƙarya cikin abin da aka tambaye shi, amma ba a ɗora masa ya bi ya nuna kowace tsaga da kowane ruɓaɓɓen katako ba. Binciken yana wuyan mai saye. Ranar da lauyoyin biyu suka yi musayar takardun ciniki, shi ke nan, ciniki ya ƙullu, dole ya karɓi gida duk da cututtukansa.

Mutumin da banki ya ke aikowa kuwa, bankin ya ke yi wa aiki. Abin da a ke so ya faɗa guda ɗaya ne, watau ko gidan ya kai kuɗin da za a ranta a kansa. Sau da yawa ba ya daɗewa a ciki, a zamanin yau ma wani lokaci ba ya zuwa sam, daga kwamfuta a ke yanke kima. Akwai wata shahararriyar shari'a da kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 1989. Wata mace ta sayi gida bisa dogara ga rahoton mutumin banki. Shi ya lura an cire ginin da ke ɗauke da bututun hayaƙi daga cikin ɗakuna, amma bai leƙa sama ya ga abin da ya tokare sauran ba. Bayan wata 18 tubalan suka rufto cikin ɗakin kwana. Ta ci shari'a, gaskiya ne, amma sai bayan shekaru tana zirga-zirga a kotu. Wa zai so ya sami haƙƙinsa ta wannan hanya?

Masu duba gini na gaskiya, waɗanda mu ke kira safiyo, yawancinsu 'yan wata ƙungiya ce mai suna RICS, wadda aka kafa a Landan a 1868. Tun daga 2021 ta kasa duban gida mataki uku. Na farko kallo ne kawai, ya dace da sabon gida lafiyayye. Na biyu ya fi zurfi, yana ba da shawara a kan gyara. Na uku shi ne cikakke: a shiga ƙarƙashin rufi, a ɗaga murfin magudana, a bayyana yadda aka gina gidan, da abin da ke damunsa, da abin da zai auku in an ƙyale. A cikin rahoton a kan ba kowane sashe launi, kore ga mai lafiya, ruwan ɗorawa ga mai bukatar gyara, ja ga abin gaggawa. Ladan aikin fam ɗari-ɗari ne, wani lokaci ya haura dubu. Mutum ya auna wannan da kuɗin gidan kansa.

To, bari mu koma ga tsohon gidan nan, gama a nan ilmin ya fi daɗi. Mutanenmu da yawa ba su san Turawa ma suna ginin ƙasa ba. A lardin Devon akwai dubban gidaje da aka gina da jan laka da aka kwaɓa da ruwa da tattaka, su suna ce masa cob. Kaurin bango ya kan kai ƙafa biyu. A kan ɗora shi a kan harsashin dutse don kada ya sha ruwan ƙasa, a ba shi rufi mai faɗin baki don kada ruwan sama ya dake shi. Duk wanda ya girma a cikin birnin Kano ko Zariya ya san wannan hikima, ya san dalilin da ya sa magina su ke fid da indararo nesa da jikin bango, su ke yi masa makuba, su ke bin yaɓe kafin damina.

Irin wannan bango yana shan danshi kaɗan, kuma yana fid da shi in iska ta buga. Muddin abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, ya kan yi ɗaruruwan shekaru a tsaye. Turawan da suna shafa masa farar ƙasa da aka toya daga dutse, wadda ta ke barin tururi ya wuce. Daga baya siminti ya zo, ya fi araha, ya fi saurin bushewa, mutane suka yi ta lulluɓe tsofaffin bangaye da shi suna tsammanin gata suka yi musu. Siminti kuwa ba ya tanƙwasa. Bango ya ɗan motsa, sai ya tsage kamar gashi, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita. Ya yi ta taruwa a gindin bango har laka ta koma taɓo, daga waje kuwa fenti yana ƙyalli. An sha ganin irin wannan bango ya zube gaba ɗaya cikin damina. Mu ma mun san yadda yaɓen siminti ya ke ɓallewa falle-falle daga jikin ginin ƙasa, ya bar rami a baya. Ciwon ɗaya ne.

Saboda haka ba kowane safiyo ne ya dace da tsohon gida ba, kuma a nan ina da ƙorafi a kan waɗansunsu. Akwai wata 'yar na'ura mai allura biyu da su ke cakawa a bango don gwada danshi. Abin da ta ke aunawa a haƙiƙa shi ne yadda lantarki ya ke ratsa abu, kuma don katako aka daidaita ta. A jikin katako maganarta abin dogara ce: in ruwan da ke ciki ya zarce kashi 20 cikin 100, ruɓa da ƙwari sun sami wurin zama. Amma a jikin tsohon bango gishirin da ya taru shekara da shekaru shi ma yana ɗaukar lantarki, sai na'ura ta yi ihu ko da bangon a bushe ya ke. Wanda bai san wannan ba sai ya rubuta cewa danshi yana hawa daga ƙasa, ya ce a kira kamfanin maganin danshi. Kamfani kuwa ya zo ya duba kyauta, ya tarad da cutar da shi ke sayar da maganinta (wanzami dai ba ya cewa kanka bai isa aski ba), ya huda bango ya ɗura magani, ya ƙara yaɓen siminti. Alhali sau da yawa asalin abin bai wuce indararo da ya toshe ba, ko ƙasar waje da aka tara ta hau kan harsashi, ko taga da aka toshe iska ta daina shiga. Mai sauraronmu ya tambayi safiyon tun kafin su yi jinga: gidajen laka nawa ka taɓa dubawa?

Ya kuma sa a faɗa masa shekarun rufin. Ciyawar tana iya daɗewa, amma tulluwarta a kan sabunta ta kamar kowace shekara 10 zuwa 15, aikin kuwa da tsada. Ya bincika ko gidan yana cikin jerin gine-ginen tarihi da hukuma ta kare. In yana ciki, ko taga ba a canjawa sai da izini, kuma in mai gidan da ya wuce ya yi gyara ba izini, hukuma tana iya tilasta wa sabon mai shi ya mayar da abin yadda ya ke, da kuɗinsa. In kuma jemagu sun yi masauki a rufin, doka ta kare su, ba a korarsu.

Kada fa a ɗauka gidan bulo ya kuɓuta. Ƙasar kudu maso gabashin Ingila yumɓu ce mai kumbura da ruwa, mai ƙanƙancewa da fari. A farin 1976 gidaje masu yawa suka tsattsage, haka kuma aka sake gani a 2018 da 2022. Babban itace kusa da gida ya kan tsotse ruwan da ke ƙarƙashin harsashi, kusurwa ɗaya ta sauka. Alamarta tsaga ce mai tafiya a karkace, ta fi faɗi a sama. Tsagar da ba ta kai milimita 5 ba galibi ta ido ce kawai, wadda ta wuce haka tana bukatar injiniya. Ban da wannan, sai a 1999 aka hana asbesto ɗungum a ƙasar, don haka gidan da aka gina kafin nan yana iya ƙunsarsa a silin ko rufin gareji, ƙurarsa kuwa tana kashe huhu. Akwai kuma kumfar da a ke fesawa a ƙarƙashin rufi don tsare ɗumi, wadda ta kan ɓoye katako ta riƙe masa danshi, har bankuna da dama suna ƙin ba da rance a kan gidan da aka yi wa ita. Sabon gida fil ya kan zo da lamuni na shekara 10, amma na mai sauraronmu ya riga ya fita daga ciki.

Yanzu ga abin da na fi so a ji, gama shi ne ya bambanta ƙauye da birni, kuma ko duba mataki na uku ba ya ƙure shi. Gidajen ƙauye da yawa ba su haɗe da magudanar gari. Najasa tana shiga wani tanki a ƙarƙashin ƙasa, ta kwanta, ruwan ya tsiyaye cikin gona. Bisa ƙa'idodin da suka fara aiki a Ingila a 2015, an hana irin wannan tanki ya zuba kai tsaye cikin rafi, wanda ke yin haka sai a canja shi. Safiyo zai ɗaga murfi ya leƙa, amma sai an kwashe tankin an tura na'urar ɗaukar hoto cikin bututu kāna a san lafiyarsa. Haka nan ruwan sha. In daga rijiya ko burtsatse ko idon ruwa ya ke zuwa, a kai shi ɗakin gwaji, a kuma tambayi lauya wa ya mallaki ƙasar da ruwan ke fitowa, da hanyar da mota ke bi zuwa ƙofa.

Sa'an nan ga radon. Wata iska ce marar launi marar wari, tana fitowa daga yuraniyam da ke cikin duwatsu, ta sulale ta tsagar daɓe ta taru a ɗaki. Bayan taba, ita ce babban sanadin sankarar huhu. Devon da Cornwall, inda dutsen giranit ya ke da yawa, suna cikin wuraren da ta fi yawa. Hukuma ta ce in ta kai bekarel 200 a kowace mita kubik ta iska, a ɗauki mataki. Gwajin sahihi wata uku ya ke ci, da 'yan gwangwanaye biyu, ɗaya a falo ɗaya a ɗakin kwana. Ciniki ba safai ya ke jiran wata uku ba, shi ya sa a kan shirya lauya ya riƙe wani abu daga cikin kuɗin gida har sakamako ya fito. Maganin bai da wuya, rami ne a ƙarƙashin daɓe da 'yar fanka mai zuƙe iskar waje.

Na san abin da masu sūka za su ce, kuma suna da gaskiya rabi. Rahoton safiyo ya kan cika da kaffa-kaffa: ban ɗaga darduma ba, ban matsar da kabad ba, a nemi gwani. Ba zai fasa bangon da ba naka ba tukuna. Kuma a Ingila mutum yana iya biyan kuɗin duba, mai gida ya sayar wa wani, kuɗin ya tafi a banza. Mutanen Sikotlan sun yi maganin wannan tun Disamba 2008, suka wajabta wa mai sayarwa ya kawo rahoton gida ga duk mai so. A ganina Ingila ta yi kuskure da ba ta bi sawunsu ba. Duk da haka, ko a can, in ni ne zan sayi gidan laka, sai na ɗauki safiyon kaina, wanda ni na biya shi, wanda zan iya ƙararsa in ya yi sakaci.

Ga mai sauraronmu kuwa, gidan ciyawa mataki na uku ya ke bukata, na bulo kuma mataki na biyu ya isa, sai fa in an yi masa ƙari ko an fasa bango a ciki. Idan rahoto ya zo kada ya tsaya ga launuka. Ya buga wa safiyon waya ya tambaye shi wanne ne zai jira, wanne ne ba zai kai damina mai zuwa ba. Ya nemi magina biyu ko uku su yanka masa kuɗin gyaran jajayen wuraren a rubuce, ya kai wa mai gida takardun a rage masa tsada, duk wannan tun lauyoyi ba su yi musayar takardu ba.