Garin Gyaran Gira Kada a Rasa Ido

Duk wanda ya tashi a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi, ko Bakori da Ƙafur da Faskari, ya san cewa fatar jikin mutumin wannan yanki ba ta samun hutu a cikin shekara. Da an shiga watan Nuwamba sai hunturu ya sauko da hazo da busasshiyar iska, leɓe ya tsage, duga-dugai su yi faso, ƙauri ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa toka. Lokacin nan kuwa shi ne na cirar auduga da sussukar dawa, ga ƙura ga ƙaiƙayi. Hunturu na wucewa sai bazara ta kama, rana ta riƙa dukan mutum tun daga hantsi har la'asar. Damina kuma ta zo da nata, watau gumi da ƙurajen zafi, da taɓon da ke cin tsakanin yatsun ƙafa, da ruwan feshi da ke zubo wa manomi a gadon baya. Duk da wannan wahala, kakanninmu mata sun tsufa da fata mai santsi da sheƙi, alhali kayan gyaran jikinsu bai wuce sabulun salo da man kaɗanya da lalle ba.

Abin da ya sa na ga ya kamata a tattauna wannan magana a cikin mujallarmu shi ne, yau mu da aka kai makaranta, mu da ake sa ran za mu koma gida da haske, muna cikin sahun gaba wajen ɓata fatar da Allah ya ba mu. Ɗaliba ta karɓi kuɗin guzuri daga gida, kuɗin da aka sayar da buhun masara a kasuwar Ɗandume aka samu, ta ware wani kaso ta sayi man bilicin. Ƙaramin ma'aikaci ya ɗauki albashi, kafin ya biya kuɗin haya ya sayo wa amaryarsa haɗin da aka zuba a roba ba suna ba lamba. Maza ma ba a bar su a baya ba, don akwai samarin da fuskarsu ta yi jajir kamar manja, gaɓoɓin yatsunsu kuwa suna nan baƙi ƙirin suna ba da shaida. Ra'ayina dai shi ne, wannan ɓarna ce da muke kira gyara, kuma gyaran gaskiya yana da araha, yana bakin ƙofarmu.

Bari mu fara da sanin abin da ake yaƙa. Baƙin fata wani sinadari ne mai suna melanin, wanda fata da kanta take yi domin ta tare zafin hasken rana kada ya lalata abin da ke ƙarƙashinta. Wanda ke son ya san amfaninsa, ya dubi 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda aka haifa da ƙarancinsa ƙwarai: rana tana ƙona su, kuma ciwon daji na fata ya fi kama su nesa ba kusa ba. Ashe ke nan mai shafa bilicin a ƙasa irin tamu, inda rana ke tsaye a ka kusan duk shekara, daidai yake da wanda ya kware rufin ɗakinsa ana tsakiyar damina.

Mayukan nan, komai kyan kwalbarsu, galibi abu uku ne ke aiki a cikinsu. Na farko shi ne zaiba. Tana hana fata yin melanin, amma tana ratsawa ta shiga jini, ta taɓa ƙoda da jijiyoyi. Mace mai ciki kuma tana iya kai ta ga ɗan da ke cikinta, mai goyo ta shayar da ita ta nono. Guba ce da duniya ta san sharrinta tun 1956, lokacin da aka gano cutar da ta addabi mutanen garin Minamata a ƙasar Japan, waɗanda suka ci kifin da zaibar masana'anta ta gurɓata. Da sunan garin nan aka ƙulla yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, kuma a taron 2023 aka amince a hana sa ta a kayan shafa ɗungurungum. Na biyu shi ne haidarokwinon. Magani ne da likita kan ba da na ɗan lokaci don wani tabo, amma in aka daɗe ana shafa shi ana shiga rana sai ya juya, kumatu da goshi su yi wani irin baƙi mai shuɗi-shuɗi wanda ke da wuyar fita. Likitoci a Afirka ta Kudu sun bayyana wannan tun 1975. Na uku su ne magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda aka yi don kumburi da ƙaiƙayi. Su ne ke sa fata ta yi siriri har a riƙa ganin jijiyoyi kore-kore, nankarwa ta fito a damtse da cinya, makero da kyasbi su sami wurin zama, rauni ya ƙi warkewa. In aka daɗe a kansu suna iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Abin da ya fi ban takaici shi ne uwar da ke shafa wa jinjiri irin wannan, wai don ya yi haske kafin ranar suna.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Wata takarda da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ta ambaci cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man hasken fata. Adadin ya samo asali ne daga bincike a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, saboda haka ba za a ɗora shi kai tsaye a kan matan Malumfashi ba. Amma wanda ya leƙa shagunan kayan shafa a Funtuwa, ko ya halarci kamu da yinin biki, ba ya bukatar lissafi kafin ya gane cewa abin ya iso gida. A watan Fabrairu na 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Ƙasar Kwaddibuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ta bi sahu a 2018. Kai, tun 1976 Fela Kuti ya yi waƙar Yellow Fever yana yi wa ɗabi'ar ba'a. Kusan shekara hamsin ke nan ana faɗa, kunne bai ji ba.

Na san abin da 'yan'uwana mata za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce, ku maza ku ne kuka jawo. Wa ya ƙago kirarin farar mace alkyabbar mata? Wa ke cewa a aura masa fara ko mayya ce? Yarinya ta ga ƙawarta ta yi haske samari suna layi a ƙofar gidansu, ita kuwa ana ce mata baƙa kamar zagi, me ake so ta yi? Wannan gaskiya ne, kuma laifin namu ne mu maza kafin ya zama nasu. Finafinanmu da hotunan Instagram da TikTok, waɗanda ake tacewa har fuska ta koma kamar tangaran, sun daɗa hura wutar. Amma fa a tuna, mijin da ya yaba hasken ba shi zai ɗauki ciwon ƙodar ba. Sau da yawa ma shi ne na farkon da zai kau da kai ranar da kumatu suka ƙone. Wanda ya so mace don launin da ke cikin kwalba, sonsa zai ƙare ranar da kwalbar ta ƙare.

Wasu kuma za su ce jikinsu ne, ba ruwan kowa. Da mai saye ta san abin da ke cikin robar, da sai a ce zaɓinta ne. To, ina zaɓi ga wadda aka ce mata haɗin kurkur da zuma da madara ne, alhali an matse bututun sitiroyid a ciki? Ina kuma zaɓin jinjirin da ke shan nono?

To, mene ne gyaran gaskiya? Farkonsa wanka cikin sauƙi. Fata tana da ɗan maiƙo nata wanda ke tsare ta, saboda haka sabulun soda da garin wankin tufafi ba na jiki ba ne. Sabulun salo mai kyau ko wani sabulu mai laushi ya isa, shi ma salon in ya cika toka yana busar da fata, sai a rage. Da hunturu a yi wanka da ruwa mai ɗumi, kada ya yi zafin da zai sa jiki ya yi ja. A bar dirzar fuska da soso kamar ana wankin tukunya, tafin hannu ya ishe ta safe da dare. Baƙin wuya da na gwiwa ba dauɗa ba ne, dirza ma ƙara shi take yi.

Sa'an nan sai shafa mai, kuma lokacinsa shi ne da an fito daga wanka, jiki da sauran danshi, domin aikin mai shi ne ya riƙe ruwan da ke cikin fata. Man kaɗanya da basilin sun isa gaɓoɓi da leɓe da duga-dugai. Mai faso ya jiƙa ƙafarsa da dare, ya goge da dutse a hankali, ya shafa mai ya sa safa. Mai yawan alwala da ruwan sanyi ya riƙa bin hannu da ƙafa da ɗan mai bayan ya idar da salla. Amma wanda fuskarsa ke da maiƙo da ƙuraje ya rage mai mai nauyi a fuska. Abin kunya ne a ce kaɗanyar da ke tsaye a gonakinmu an daɗe ana kwasar 'ya'yanta zuwa Turai, a sarrafa a dawo mana da ita a kwalba da tsada. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa su a gida. Baƙi sun san darajar abin da muka raina.

Rana kuma a ba ta girmanta. Malfar da manomi ke sawa ta fi man dubu goma amfani ga fuska, haka ma laima da mayafi. Mai hali ya sayi man kariya daga rana, zabiya kuwa wajibi ne gare shi. Da bazara a sa tufafin auduga, wadda ita ce abin alfaharin Funtuwa, domin yadin roba yana riƙe gumi ya jawo ƙuraje. Wanda zai yi feshin ciyawa ko na ƙwari ya sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da safar hannu, kada ya dama magani da hannu tsirara, in ya gama ya yi wanka da sabulu nan take, a wanke kayan feshin dabam da na iyali.

Ƙurajen samartaka kuma a daina matsa su. A baƙar fata kowane ƙurjin da aka matse yana barin tabo, tabon nan kuwa shi ne ƙofar da 'yan mata da yawa suka bi suka shiga bilicin. Fata tana sabunta kanta a cikin kamar mako huɗu, saboda haka duk man da ya yi alkawarin sāke mutum a kwana bakwai abin tsoro ne. Sannu ba ta hana zuwa. A haɗa da barci isasshe, da cin zogale da rama da gwanda da mangwaro da wake, waɗanda ƙasarmu ba ta rasa su. Kada a yi tarayya a tawul ko reza a ɗakunan kwana, ta nan makero ke yawo, ƙazuwa kuma ta shimfiɗa da tufafi. Amare su kiyayi baƙin lallen da aka haɗa da rinin gashi, yana sa wasu kumburi da ƙuna.

In abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, asibiti ne magana. Akwai babban asibiti a Funtuwa da Malumfashi, akwai kuma likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Farin tabon da ba ya jin taɓi yana iya zama farkon kuturta, wadda ake warkewa sarai in an kama ta da wuri, kuma akwai cibiyarta a Saye kusa da Zariya. Wadda ta daɗe tana shafa sitiroyid ta nemi likita ya janye ta a hankali, don in ta tsaya farat ɗaya fuska kan yi bore, tsoro ya mai da ita ruwa.

A shekarun 1970 masana daga Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu na Ingila sun zauna a Malumfashi suna binciken zazzaɓin cizon sauro da tsargiya da saran maciji, har sunan garin ya shiga littattafan likitanci. Ina kira ga 'yan'uwanmu masu karatun likita da haɗa magunguna su ɗauki wannan hanya, su sayo mayukan da ake sayarwa a kasuwanninmu su auna, su faɗa wa jama'a da Hausa abin da suka gani. Ƙungiyar ɗalibai ta sa wannan magana cikin laccocin da ake yi lokacin hutu a makarantun 'yan mata. Ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi su leƙa shaguna, kada a bar wa NAFDAC ita kaɗai. Mu samari kuwa, aikinmu ya fi na kowa sauƙi: mu gyara bakinmu. Ranar da ƙanwarka ta ji kana yabon baƙa da wankan tarwaɗa kamar yadda kake yabon fara, ranar ce mai sayar da haɗi zai fara rasa ciniki. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gode wa abin da ya ba mu.