Kujerar mota ma tana jin hunturu

Bara na sayi motar Kwatano mai kujerun fata, masu laushi kamar tafin jariri. Hunturu ɗaya ta yi a hannuna, gefen kujerar direba ya tsattsage kamar faso a dunduniya. Na nuna wa wani dattijo baduku a Ƙofar Wambai. Ya shafa wurin da yatsa, ya ce, "Alhaji, kai kullum sai ka shafa mai kafin ka fito. Ita kuwa ka shanya ta a rana. Me kake so ta yi?"

Na ji kunya. Mu da majemanmu suka daɗe suna jeme fata da bagaruwa, har jar akuyar Sakkwato ta yi suna a Turai, bai kamata kujerar mota ta gagare mu ba. Rana muke ɗora wa laifi, alhali rabin ɓarnar hannunmu ne. Mu kai mota wanki, yaro ya kwaɓa garin sabulun wanki da kumfa, ya dirje kujera da burushi, ya bar ta a rana tsaka. Sannan ƙurar hunturu ta kwanta a ɗinki, muna shiga muna fita tana cin fatar kamar sandifefa.

Wasu kuma garin gyaran gira su rasa ido, su lafta man gyaɗa ko man kaɗanya. Fatar yawancin motocin zamani tana da siririn rufi na fenti a samanta, ba kamar fatar jaka ko layu ba. Man ba ya ratsawa sosai. A sama yake zama, ya kama ƙura, ya ɓata farar shadda ranar Juma'a.

Abin da nake yi yanzu ba shi da wuya. Nakan goge ƙura da tsumma mai ɗan danshi, in bar kujerar ta bushe a inuwa. Sai in ɗiga man gyaran fatar mota kaɗan a ƙyalle mai laushi, in fara gwadawa a gefen da ba a gani, sannan in bi ko'ina, in goge rarar. Nakan yi haka gab da shigowar hunturu, in maimaita idan zafin bazara ya kunno kai. In babu inuwa, in rufe gilashin gaba ko da kwali ne.

Wurin da ya riga ya tsage kuwa, babu man da zai haɗa shi. Mai ɗinkin kujera ne ya sa mini faci, launin bai zo ɗaya ba, kuma kullum na buɗe ƙofa shi nake fara gani.